Yadda Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma Zai Ƙalubalanci Korarsa a Gaban Kotu

A sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da ke Najeriya, kora ba ta cika yin sallama kafin ta shigo ba. Wani lokaci masinja ne zai miƙa wa mutum ambulan da rana tsaka, wani lokaci jerin sunaye za a liƙa a allon sanarwa bayan an kammala tantance ma'aikata, wani lokacin kuma babu takarda babu sanarwa, sai dai wata ya ƙare abokan aiki su ji albashi ya shiga, shi kuwa ya ji shiru. Abin da yawancin waɗanda abin ya faɗa wa suke fara yi shi ne neman wanda zai sa baki, ko kansila, ko hakimi, ko ɗan majalisar jiha, ko wani na hannun daman ciyaman. Wannan ba laifi ba ne, kuma sau da yawa a nan ake kashe maganar cikin rufin asiri. Illarsa ita ce kwanakin da doka ta ba ma'aikaci don ya kai ƙara suna tafiya yayin da yake zaryar gidajen manya, kuma alƙali ba shi da ikon dawo masa da su.

Ya kamata mai shirin zuwa kotu ya san tun farko cewa a irin wannan shari'a ba da tambayar ko ya yi laifi ko bai yi ba ake farawa. Alƙali yana fara duba abu biyu ne: shin wanda ya yi korar yana da ikon yin ta, kuma shin ya bi matakan da doka ta shimfiɗa? Ma'aikacin da ake ganin yana da laifi yana iya cin shari'a saboda an tsallake mataki ɗaya wajen korarsa, kamar yadda wanda aka zalunta ƙiri-ƙiri yake iya faɗuwa saboda ya makara ko ya zo hannu rabbana ba takarda.

Ka fara sanin irin aikin da kake riƙe da shi

Kotunan Najeriya sun raba aiki gida biyu. Akwai aikin da ke tsakanin ubangida da yaronsa, wanda yarjejeniyar da suka ƙulla ce kawai take tafiyar da shi, kuma idan an karya ta abin da ake samu diyya ce ta kuɗi. Akwai kuma aikin da doka ta tsaya masa, wato wanda wata doka ko ƙa'idojin da aka yi a ƙarƙashinta suka fayyace yadda za a ɗauki mutum, a ladabtar da shi, a kuma raba shi da aikin. A wannan rukuni na biyu, korar da ba ta bi ƙa'ida ba tamkar ba a yi ta ba ce, kotu tana iya mayar da mutum kujerarsa ta kuma sa a biya shi duk albashin da ya wuce. Kotun Ƙoli ta kafa wannan ginshiƙi a shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Ma'aikatan Tarayya a 1981, ta sake jaddada shi a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985, inda ta nuna cewa ma'aikacin gwamnati ba bara ba ne da za a kora don an ga dama.

Sashe na 318 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ma'aikatan ƙaramar hukuma cikin ma'aikatan gwamnati na jiha. Amma zama a wannan jeri kaɗai bai isa ba. Dole ne ma'aikaci ya nuna cewa an ɗauke shi aikin dindindin mai fansho ta hanyar da doka ta tanada, kuma mafi ƙarfin hujjarsa ita ce takardar tabbatar da shi a aiki bayan ya gama lokacin gwaji, wanda galibi shekara biyu ne. Wanda yake cikin lokacin gwaji, da ma'aikacin wucin gadi da ake biya a hannu, da wanda aka ɗauka kwantiragi, suna da haƙƙoƙinsu, amma da wuya kotu ta tilasta a mayar da su. Masu riƙe da muƙaman siyasa kuwa, irin su masu ba ciyaman shawara, da shi suka zo kuma da shi suke tafiya. Zaɓaɓɓun shugabanni da kansiloli su ma maganarsu dabam ce, domin sashe na 7 na kundin ne yake kare su, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kan 'yancin ƙananan hukumomi ya sake tabbatar da cewa gwamna ba shi da ikon rushe su ya naɗa kantomomi.

Wa ya sa hannu a takardar?

Wannan ita ce tambayar da lauya mai gogewa zai fara yi, kuma shari'u da dama a kanta suke ƙarewa. Tun bayan gyaran fasalin ƙananan hukumomi na 1976 aka soma tsarin haɗa manyan ma'aikatansu a ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha, wadda yanzu ake kira Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi. A tsarin da aka saba, ita ce take da ikon ɗauka, ƙarin girma, canjin wurin aiki da ladabtar da ma'aikatan da ke mataki na 07 zuwa sama, yayin da aka bar wa ƙaramar hukuma 'yan mataki na 01 zuwa 06 ta hannun kwamitin kula da ƙananan ma'aikata. Saboda haka idan jami'i yana mataki na 09 kuma takardar korarsa ta fito daga ofishin ciyaman ko daraktan kula da ma'aikata ba tare da hukumar jiha ta zauna ta yanke ba, to akwai babbar ƙofa a buɗe. Haka nan sanarwar da kwamishina ya yi a rediyo, ko rahoton kwamitin tantancewa da gwamna ya kafa, ba su maye gurbin hukuncin hukumar da doka ta ba wuƙa da nama.

Malaman firamare su lura cewa ko da yake daga kason ƙananan hukumomi ake cire albashinsu, ikon ladabtar da su yana hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, gwargwadon matakin da malami yake. A jihohi da dama ma'aikatan lafiya matakin farko su ma an mayar da su ƙarƙashin hukuma guda ta jiha. Kowa ya nemi dokar jiharsa ya karanta, domin dokar Jigawa ba lallai ta zo ɗaya da ta Neja ba.

Matakan da doka ta ce a bi kafin kora

Tushen komai shi ne sashe na 36 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun fassara wannan zuwa matakai. Da farko a ba ma'aikaci takardar tuhuma wadda ta faɗi laifin dalla-dalla, da dokar da ya karya, da hukuncin da zai iya biyo baya. Ƙa'idojin tarayya sun ba shi sa'o'i 72 ya amsa a rubuce, kuma na jihohi da yawa a kansu aka ɗora su. Idan amsar ba ta gamsar ba kuma laifin babba ne, sai a kafa kwamitin bincike, a gayyace shi, a nuna masa takardun da za a kafa hujja da su, a bar shi ya yi wa shaidu tambayoyi ya kuma kawo nasa. Wanda ya kai ƙorafinsa ba ya zama cikin kwamitin, domin mai ƙara ba ya zama alƙali a shari'arsa. A shari'ar Hukumar Ma'aikatan Tarayya da Laoye ta 1989 Kotun Ƙoli ta soke korar wani jami'i saboda ba a saurare shi yadda ya kamata ba, duk da nauyin zargin da aka yi masa.

A nan ma'aikata da yawa suke yi wa kansu illa tun kafin a je kotu. Wani zai ƙi karɓar takardar tuhuma don fushi, wani zai karɓa ya ƙi amsawa, wani kuma a lallashe shi ya rubuta takardar ban haƙuri yana amsa laifin da bai yi ba, da alkawarin cewa idan ya yi haka magana ta wuce. Duk ukun sun ba hukuma makami. Wanda aka ba dama ya ƙi amfani da ita ba zai ce an hana shi ba, wanda kuma ya amsa laifi da hannunsa ya sauƙaƙa wa hukuma aikinta. Abin da ya dace shi ne a karɓi takardar, a rubuta ranar da aka karɓa, a amsa cikin wa'adi da ladabi ba tare da zagi ko habaici ba, a musanta abin da ba gaskiya ba ɗaya bayan ɗaya, sannan a nemi a ba da kwafin takardun da zargin ya dogara a kansu.

Ya kamata kuma a bambanta kalmomin da ke cikin takardar, domin ba ɗaya suke ba. Dakatarwa ba kora ba ce, kuma iri biyu ce: akwai wadda ake biyan aƙalla rabin albashi kafin a gama bincike, akwai kuma wadda ake tsayar da albashin gaba ɗaya. Sallama da ritayar dole suna barin mutum da haƙƙoƙinsa na ƙarshen aiki. Kora kuwa hukunci ce ta babban laifi, takan tafi da garatuti da fansho a tsohon tsari, ta kuma bar tabo a sunan mutum idan ya je neman wani aikin gwamnati. Wanda aka yi wa ritaya alhali bai kai shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a aiki ba, kuma ba a bi wata ƙa'ida da ta halatta hakan ba, shi ma yana da abin kai wa kotu.

Takardun da za ka tara tun ranar farko

Da zarar an kori mutum, fayil ɗinsa da ke sakatariya yakan yi wuyar gani, wani lokaci ma wasu shafuka su yi ɓatan dabo. Saboda haka ma'aikaci mai hankali yakan ajiye nasa fayil a gida tun yana kan aiki. Abin da kotu za ta so gani shi ne takardar ɗauka aiki, da ta kama aiki, da ta tabbatarwa, da takardun ƙarin girma har zuwa na ƙarshe, da takardun albashi ko bayanin asusun banki na watannin baya, da takardar tuhuma da amsarta, da gayyatar kwamiti idan an yi, da ita kanta takardar korar. Sai kuma dokar ƙananan hukumomi ta jihar da ƙa'idojin ma'aikata, domin nauyin nuna wa kotu sharaɗin da aka karya yana kan mai ƙara ne, alƙali ba zai nemo masa ba. Duk wasiƙar da za ka kai ofis ka yi ta kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Idan an ƙi karɓa, ka aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit.

Wanda aka cire sunansa daga jerin albashi ba tare da takarda ba, kamar yadda yake faruwa idan an lissafa mutum cikin ma'aikatan bogi, kada ya zauna a gida. Ya ci gaba da zuwa aiki yana sa hannu a rajista muddin ba a hana shi ba, ya kuma rubuta yana tambayar matsayinsa, don kada daga baya a juya maganar a ce shi ne ya gudu ya bar aiki, wanda shi kansa laifi ne da ake kora a kansa.

Wa'adi, inda ƙararraki da dama suke mutuwa

Dokar kare jami'an gwamnati, wadda tarayya take da tata kuma jihohi da dama suke da irinta, ta ce duk wanda zai yi ƙarar jami'i ko hukumar gwamnati kan abin da ta yi a bakin aikinta ya shigar cikin wata uku. An daɗe ana ja-in-ja kan ko wannan ya shafi rikicin aiki. A 2019, a shari'ar Hukumar Rabon Arzikin Ƙasa da Johnson, Kotun Ƙoli ta ce wa'adin bai shafi yarjejeniyar aiki ba, ma'aikata da lauyoyinsu suka yi ajiyar zuciya. A 2021 kuma, a shari'ar Idachaba da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, kotun ta yi amfani da wa'adin ta kori ƙarar ma'aikatan. A ganina bai kamata mai iyali ya jingina abincin 'ya'yansa a kan wannan saɓani ba. Ya ɗauka wata uku kawai yake da su, daga ranar da takardar ta shiga hannunsa.

Akwai wani sharaɗin a cikin wata ukun. Dokokin ƙananan hukumomi na jihohi da dama sun hana a yi ƙarar ƙaramar hukuma sai an ba ta sanarwar wata ɗaya a rubuce, wadda ta ƙunshi sunan mai ƙara da adireshinsa, da dalilin ƙarar, da abin da yake nema. Kotun Ƙoli ta taɓa yanke hukunci a 1971, a shari'ar hukumar mulkin Katsina ta wancan lokaci da Makudawa, cewa hukumar da ba ta tayar da maganar rashin sanarwa a kan lokaci ba ta yafe haƙƙinta, amma lauyoyin gwamnati na yau ba sa mantawa da ita. Idan aka ba mutum takardar kora ranar 10 ga Maris, alal misali, ya kamata ƙararsa ta shiga kafin 10 ga Yuni, kuma hakan yana nufin sanarwarsa ta isa sakatariya tun cikin Maris ko farkon Afrilu, ba a jira ƙarshen wa'adi ba.

Koke zuwa ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi yana da kyau, kuma inda ƙa'ida ta wajabta shi dole a yi. Haka ma kai kuka ga ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE ko ta malamai ta NUT, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, wadda ba ta karɓar ko kwabo. Sai dai Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Eboigbe da kamfanin NNPC a 1994 cewa zaman sulhu ba ya tsayar da wa'adi. Don haka a haɗa biyun: ana neman sulhu, lauya yana shirya takardu.

Wace kotu, kuma me za a roƙa?

Tun daga gyara na uku da aka yi wa kundin tsarin mulki, wanda ya soma aiki a 2011, sashe na 254C ya damƙa duk rikicin aiki da albashi da fansho ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai. Babbar Kotun Jiha ba ta da hurumi, balle kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci. Kada a rikita ta da Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, wadda aikinta shi ne tuhumar jami'ai kan bayyana kadara da makamantansu. Kotun tana da rassa a Abuja, Kano, Kaduna, Jos, Sakkwato da wasu biranen, tana kuma da sashen sasanci da alƙali kan iya tura ƙara idan ya ga alamar za a daidaita.

Ƙa'idojin kotun na 2017 sun bukaci a shigar da komai lokaci ɗaya: bayanin ƙara, rantsattsen jawabin kowane shaida, da kwafin duk takardun da za a dogara da su. A sa sunan duk wanda hukuncin zai hau kansa, wato hukumar da ta yi korar da ƙaramar hukumar da ke biyan albashi, lauyoyi da yawa kuma sukan haɗa da Antoni Janar na jiha. Kotu ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba, saboda haka a roƙi ta bayyana korar a matsayin haramtacciya, ta soke takardar, ta ba da umarnin mayarwa bakin aiki ba tare da asarar matsayi ba, ta kuma sa a biya albashi da alawus daga ranar da aka tsayar har ranar da aka mayar. Kuɗin kuwa a rubuta shi wata-wata da hujjar kowane adadi, domin jimillar da aka faɗa da ka ba ta samun karɓuwa. Yana da kyau a ƙara da roƙon diyya a madadin mayarwa, ko da alƙali zai ga aikin ba ya cikin waɗanda doka ta tsaya musu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi ƙungiyarsa ko ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke jiharsa. Idan kuma an tura masa kuɗin sallama a asusu, ya rubuta nan take cewa bai amince da korar ba, don kada a ce karɓar kuɗin yarda ce.

Korar jama'a da yawa lokaci ɗaya tana da nata salon. A Kaduna, a 2017, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji kuma za a sallame su, ƙungiyar NUT ta garzaya Kotun Ma'aikata. A 2021 kuma sallamar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi 23 na jihar ta kai ga yajin aikin gargaɗi da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta soma ranar 17 ga Mayu, aka janye shi a rana ta uku bayan gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. A irin wannan hali, umarnin dakatar da gwamnati ana nemansa ne kafin takardu su fita, domin kotu ba ta hana abin da aka riga aka gama. Ko da ƙungiya ce ta shigar da ƙara, kowane ma'aikaci ya tabbatar sunansa da takardunsa da lissafin kuɗinsa suna gaban kotu, saboda ranar ɗauka da mataki da albashi sun bambanta daga mutum zuwa mutum.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 a shari'ar bankin Skye da Iwu, ana ɗaukaka ƙara kai tsaye idan maganar ta shafi haƙƙin ɗan Adam kamar rashin sauraro, sauran kuwa sai an nemi izini, kuma a nan shari'ar take tsayawa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Wanda ya yi nasara ya karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, ya kai wa hukumar da wasiƙar cewa ya dawo bakin aiki, a buga masa shaidar karɓa. Idan an ƙi biya, lauya zai nemi kotu ta riƙe kuɗin ƙaramar hukumar da ke banki, sai dai lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da sashe na 84 na dokar zartar da hukunci, wanda ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai da izinin Antoni Janar, don haka a rubuta neman izinin da wuri a ajiye shaidar an nema. Idan an mayar da mutum, ya bi fayil ɗinsa ya tabbatar an sa kwafin hukuncin a ciki, an cire takardar korar daga lissafi, an kuma ƙidaya shekarun da ya yi a waje cikin shekarun aikinsa, domin da su za a lissafa masa garatuti da fansho ranar da ya yi ritaya.